Goben da Ba Ta Zo Ba: Ƙattin Ƙarfe a Bakin Gadar Ikko

Ɗan yayata yana koyon gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, kuma ya shafe kusan wata uku yana zana wani hoto a kwamfutar maigidansa duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo mana da shi gida a Agege, cikin wayarsa. Gadar Carter ce da la'asar sakaliya. A gefenta wani ƙaton mutum-mutumi na ƙarfe yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa, ya saɓo kwantena a kafaɗa yadda ɗan dako ke saɓa buhun albasa a Mile 12. An shafe shi da fenti rawaya mai baƙaƙen layuka irin na ƙananan motocin haya na danfo, hayaƙi na tuɗaɗowa ta wani bututu a ƙeyarsa. A kan gadar ga molue, babbar motar haya, cike maƙil, ga wata mata a rumfar tarho da kan waya a kunne, ga mai tallar jarida. A kusurwar hoton ya rubuta 2025. Na bi mutanen ɗaya bayan ɗaya, babu ko mutum guda mai riƙe da salula.

Baffana, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana gyaran rediyo kafin ido ya fara ba shi wahala, ya karɓi wayar ya kai ta dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "To kai ɗan nema, wannan in ya mace a tsakiyar ruwa, wa zai jawo shi?" Yaron ya ce, "Haba Kaka, ai labari ne." Baffa ya ce, "Labarin ma ai sai da bakanike." Aka yi dariya, aka shigo da abinci, zancen ya wuce. Ni kuwa bai wuce mini ba.

Irin wannan zane ba kan yaron aka fara ba. Akwai wani reshe guda na ƙagaggun labarai da fina-finai da wasannin kwamfuta da aka ɗora a kan dabara biyu. Ta farko, a koma wata mararraba a tarihi, a ɗauki hanyar da ba a bi ba, a ga inda za ta ɓulle. Ta biyu, a gina gobe da kayan jiya, wato a nuna zamani mai zuwa yadda mutanen 1890 ko 1950 ko 1980 suka zata zai kasance, ba yadda ya zo mana ba. Masu sha'awar abin sun raba shi gida-gida: akwai na zamanin tururi da gawayin kwal, akwai na man dizal da baƙin hayaƙi, akwai na ɗokin nukiliya, akwai kuma na kaset da talabijin mai ƙaton ƙeya. Ko wane gida ka leƙa, abu biyu za ka tarar tare kamar ɗan juma da ɗan jummai: injuna ƙatti da ake ganin notinsu da bututunsu, da kuma rashin ƙananan kayan da muke rayuwa da su a yau. Me ya sa ba sa rabuwa? Me ya sa sai an kashe wayar aljihu kafin a ta da ƙaton ƙarfe?

Mararrabar da aka fi so ita ce ta kwamfuta. A Ingila, tun shekarun 1820, Charles Babbage ya tsara injin lissafi na haƙoran ƙarfe da ake juyawa da hannu. Ya ci kuɗin gwamnati har ta gaji ta janye, ya mutu bai gama ba. A 1991 gidan adana kayan kimiyya na Landan ya ƙera ɗaya daga cikin injinan nasa bisa zanen da ya bari, kuma ya yi lissafi daidai. Sai marubuta suka ce: to da a ce an gama shi tun lokacin fa? Mu ma muna da tamu mararrabar, don a 1206 injiniya al-Jazari, a garin Diyarbakir, ya rubuta bayanin agogon ruwa mai siffar giwa da wani mutum-mutumi mai zuba wa sarki ruwan wanke hannu. Amma mararrabar da hoton yaron nan ya tsaya a kai, ko ya sani ko bai sani ba, ita ce ta watan Disamba 1947, lokacin da aka ƙirƙiro taransisto, 'yar ƙaramar na'urar da ke sarrafa wutar lantarki a cikin rediyo da kwamfuta, a ɗakin binciken Bell a Amurka. Kafin nan bawul ake amfani da shi, 'yar kwalba mai zafi kamar ƙwan fitila. Baffa har yau yana ba da labarin rediyon da sai ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo kafin ya fara magana. Kwamfutar ENIAC ta tsakiyar shekarun 1940 tana da irin wannan kwalba kusan 18,000, nauyinta ya tasam ma tan 30. Cire taransisto daga tarihi, komai ya tsaya da girmansa. Babu salula, babu katin banki, babu na'urar POS a ƙarƙashin laima. Hankalin injiniyoyi da kuɗin gwamnatoci, in ji masu labarin, sai su karkata zuwa ga ƙarfe da mai da ƙarfin inji, har a kai ga ƙato mai tafiya da ƙafa biyu.

Zancen yana da daɗin ji, amma a nan ne gizo ke saƙar. Tsayuwa da ƙafa biyu ba aikin ƙarfi ba ne, aikin lissafi ne. Duk takun da mutum ya yi, faɗuwa ce ya tare. Kunnen ciki yana auna karkata, tafin ƙafa yana jin ƙasa, ƙwaƙwalwa tana gyara tsoka sau da yawa cikin daƙiƙa guda ba tare da ka sani ba. Mutum-mutumin da ke tafiya a yau yana yin haka ne da 'yan mitsi-mitsin na'urori masu auna motsi, irin wanda ke cikin wayarka yake juya hoto idan ka kwantar da ita, da kwamfuta mai saurin gaske. Wato ainihin abin da labarin ya kashe shi ne abin da ƙaton ke bukata kafin ya ɗaga ƙafa. An ma gwada yin sa ba tare da su ba. A shekarun 1960 kamfanin General Electric ya ƙera wa sojan Amurka wata mota mai ƙafa huɗu, mutum na ciki yana motsa ƙafafun gaba da hannuwansa, na baya da ƙafafunsa, ƙarfin matsin mai yana ninka motsin. Ta yi tafiya, ta ture katako, amma direban ba ya jimawa yake galabaita, don shi ne ƙwaƙwalwar, shi ne kunnen ciki. Aka ajiye ta.

Ko da an warware wannan, akwai wata doka da ba ta karɓar cin hanci, wadda Galileo ya bayyana tun 1638. Idan ka ninka tsawon abu sau biyu ba ka sauya siffarsa ba, faɗin tafinsa da kaurin ƙashinsa suna ninkuwa sau huɗu, nauyinsa kuwa sau takwas. Ɗauki mutum mai tsawon mita 1.8 da nauyin kilo 70, ka ninka shi sau goma. Ya zama mita 18, tafin ƙafarsa ya ƙaru sau 100, nauyinsa sau 1,000, wato tan 70. Kowane taƙi na tafinsa yanzu yana ɗauke da ninki goma na abin da yake ɗauka a da, haka gwiwarsa, haka ƙugunsa. Shi ya sa ƙafar giwa take kamar turmi, ta tururuwa kuwa kamar zare. To ka ɗauko wannan ƙato ka tsayar da shi a Ikko, garin da wani sashensa fadama ce aka cike da yashi, inda ko bene za a gina sai an kafa turaku cikin ƙasa. A laka ta ƙarƙashin gadar Carter ba zai tsaya iya gwiwa ba, zai yi ta nutsewa har sai bututun ƙeyarsa ya sha ruwa. A Yokohama ta Japan an gina wani mai tsawon mita 18 da ke motsi, aka nuna shi daga ƙarshen 2020 zuwa Maris 2024, mutane suna biyan kuɗi su kalla. Yana ɗaga ƙafa, yana durƙusawa, amma wani ƙaton ƙarfe ne ke riƙe da ƙugunsa ta baya. Bai taɓa taka ƙasa da nauyin kansa ba. Don haka duk inda ake son inji mai nauyi ya yi aikin gaske, taya ake sa masa, ko sarƙa irin ta katafila, ko a ɗora shi a kan dogo. Ƙattin ƙarfen Ikko na haƙiƙa su ne ƙugiyoyin ɗaga kwantena na Apapa da Tin Can da sabuwar tashar ruwan Lekki da aka buɗe a 2023. Ba su da kai, ba su da ido, kuma babu yaron da ke zana su.

To in abin ba zai yiwu ba, me ya sa ba a gajiya da shi? A nan sai a duba inda ya fi yin jijiya. Ƙaton mutum-mutumin da yaro ke sarrafawa ya yi tashe ne a zane-zanen Japan tun daga 1956, shekara goma sha ɗaya bayan jiragen Amurka sun ƙone biranensu. Masu zanen farko yara ne lokacin yaƙin, sun ga ƙarfe mai girma yana zuwa daga sama, ba su da ta cewa. Sai suka zana ƙarfe mai girma wanda akalarsa ke hannun yaro. Daga baya aka shigar da yaron cikin ƙirjin ƙaton ko kansa, ya zama direba. Mu da muka taso a shekarun 1980 da 1990 mun samu namu rabon a talabijin ɗin gwamnati, muna cunkushe a ɗakin maƙwabci muna jiran zakuna biyar su haɗe su zama ƙato guda, muna roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Abin da ke jan rai a nan shi ne inji mai siffarka, mai yin abin da hannunka ya ce, wanda kuma kowa ke gani daga nesa. Bahaushe bai rasa irin wannan a nasa tarihin ba. Barbushe na Dala, in ji masu ba da labari, da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Girma hujja ce da ba ta bukatar bayani.

Wayar aljihu akasin haka take. Ta fi ENIAC ƙarfi nesa ba kusa ba, amma a rufe take ruf, an manne ta da gam, ba ka ganin abin da ke motsi a ciki don babu abin da ke motsi. Ba ka san inda hotunanka suke kwana ba. Wata rana za ta ce maka manhajar ba ta ɗauke ta kuma, alhali ko tsagewa ba ta yi ba. A ganina wannan ne sirrin haɗa abu biyun nan. Masu irin wannan labari musaya suke yi: a karɓe mana ƙarfin da ba ma gani, a ba mu wanda za mu iya zagayawa, mu ƙwanƙwasa, mu sa wa sifana. Ƙaton ƙarfen ado ne. Abin da ake kewa shi ne zamanin da mai abu yake iya buɗe abinsa.

Kuma mu a Ikko ba sai mun yi wahalar ƙago tarihin da bai faru ba, a cikin kangonsa muke zaune. A 1902 akwai ƙaramin jirgin ƙasa na tururi da ke tashi daga Iddo, ya haye gadar Carter ya shiga tsibiri. A 1933 aka rufe shi. A 1983 gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin gari tare da kamfanonin Faransa, aka tsara ya taso daga Marina ya nufo wajenmu. Soja suka karɓi mulki a ƙarshen shekarar, a 1985 gwamnatin Janar Buhari ta soke aikin, abin da aka riga aka kashe ya bi ruwa. Alƙahira, wadda ita ma Faransawa suka yi wa nata, ta buɗe layinta na farko a 1987. Mu sai a Satumba 2023 shuɗin layi ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, jan layi mai ratsa Agege kuwa sai 2024. Shekara arba'in ke nan. Duk wanda ya taɓa barin Agege da asuba bai isa Idumota ba sai rana ta take, ya san akwai wata Ikko da aka yi masa alkawari ba a ba shi ba. Ka je Iganmu ka kalli babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da aka gama a 1976 don bikin al'adun baƙar fata na FESTAC na 1977, mai siffar hular soja, wanda aka kwaikwayo daga wani gini a birnin Varna na Bulgeriya. Ba sai an gaya maka ba, wannan goben 1976 ce aka zuba da kankare. A shekarun nan, a Ojo kamfanin Volkswagen yana harhaɗa motar nan da Yarbawa ke kira ijapa, wato kunkuru, a Kaduna kuma ana harhaɗa Peugeot. Mutanen wancan lokaci da gaske suka yi imani jikokinsu za su hau motar da aka ƙera da ƙarfen Najeriya.

Ƙarfen kuwa Ajaokuta aka ce zai ba da shi. Aka ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet a 1979, aka gina gari guda na injuna a bakin kogin Kwara, amma babban tanderun narkar da tama har yau ba a taɓa hura shi ba. In ana neman ƙaton ƙarfen da ya mace a tsakiyar ruwa aka rasa mai jawo shi, ga shi nan, ba sai an zana ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ƙarfen ginin Ikko yake fitowa tunda Ajaokuta ta ƙi tashi. Kwanaki na raka wani ɗan garinmu wurin 'yan gwangwan, inda yaranmu masu tura kura suke kawo abin da suka tsinto ko suka saya a unguwanni. Ina tsaye wani yaro ya juye buhu a gaban sikeli. Ga tafireta da rabin haruffanta, ga dutsen guga na gawayi mai ɗan zakara a baki, ga risho, ga kan keken ɗinki, ga wayar girke mai lambobin da ake juyawa da yatsa. Mai sikelin bai tambayi ko mene ne ba. Ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu yana taɓa kowanne: wanda ya kama, ƙarfe ne, gefe guda, wanda bai kama ba, a kankare a gani ko tagulla ce ko alminiyam, don kuɗinsu ya fi. Na ɗauki wayar na juya lamba, ta koma da ɗan kukan nan nata, ƙirrr. Ya ce, "Alhaji, in kana so ka ɗauka, roba ce ta fi yawa a jikinta, ba ta da nauyi." Daga nan tirela ke kwasar kayan zuwa masana'antun da ke wajen Ikorodu da Ogijo, a narkar, a fito da rodi. Wato benayen da ke tashi a Lekki, a cikin ginshiƙansu akwai tafiretar wani akawu da keken ɗinkin wata tsohuwa. Babban ya kasa, ƙanana ake narkarwa suna yi masa aikinsa, kuma 'yan Arewa ne ke turo su a kura.

Kayan yau da kullum ba hanya ɗaya suke ɓacewa ba, kuma nan ne masu labarin suka fi yin sakaci. Su a wurinsu abu yana ɓacewa ne don ba a ƙirƙiro shi ba, ko don wanda ya fi shi ya zo. Wannan yana faruwa: kaset ya tafi, kamfanin ƙarshe mai ƙera na'urar bidiyo ta kaset ya daina a 2016, Indiya ta rufe aikin tangaraho a 2013. Amma a garin nan mun ga abu yana ɓacewa da sa hannun hukuma. A 2013 aka hana molue hayewa tsibiri, don haka molue ɗin da yaron ya zana a kan gadar Carter shi kansa tarihin da bai faru ba ne. A Yuni 2022 aka haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, aka riƙa murƙushe baburan da aka kama a gaban 'yan jarida. Babur bai tsufa ba, babu abin da ya fi shi ratsa gosulo, amma dubban 'yan uwanmu suka wayi gari abin da suke ci da shi ya zama kayan sikeli. Sai kuma farkon 2023, da aka sauya fasalin Naira takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Wanda yake Mile 12 a makonnin nan ya ga yadda ake yi idan ƙaramin abu ya ɓace. Kwandunan tumatir suna ruɓewa, mai saye na tsaye da kuɗi a banki, mai sayarwa na kallon waya yana jiran alat da ba ya shigowa, ɗan dako da ake biya ɗari biyu-biyu ya rasa wanda zai ba shi ko sisi. Da a ce a ranar akwai ƙaton ƙarfe tsaye a bakin kasuwa, ba abin da zai tsinana. Rayuwa a kan ƙananan abubuwa take tafiya, kuma ba a sanin nauyinsu sai an zare su.

Na san wani zai ce duk wannan aikin "da a ce" ne, kuma an hane mu. Gaskiya ne ya zo a hadisi cewa idan abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ne zai faru, domin "da" tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Malamai sun yi bayani cewa abin da aka hana shi ne "da" ta cizon yatsa da jayayya da ƙaddara. Wanda ya waiwaya don ya gane inda aka yi kuskure, ya gane cewa mutane ne suka zauna suka yanke shawarar soke jirgi ko barin tanderu ba wuta, ba ya ja da hukuncin Ubangiji. Amfanin irin wannan labari, in yana da amfani, shi ne ya tuna maka cewa yadda abubuwa suke ba shi ne kaɗai yadda za su iya kasancewa ba.

Inda nake jin tsoronsa daban ne. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma mai tuna bara yakan manta yunwarta. Matar nan ta cikin hoto mai magana a rumfar tarho ita kaɗai, cikin natsuwa, ba ta taɓa wanzuwa ba. Kafin zuwan salula a 2001, layukan tarho masu aiki a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, ga mutum sama da miliyan ɗari. Mu 'yan ci-rani ba mu da waya. Direban motar goro ko ta shanu ake ba saƙo, ko a ɗauki murya a kaset a aika gida, amsa ta dawo bayan wata guda. Ina tuna kaset ɗin da ya iso mana da muryar kakata tana gaishe da kowa da sunansa, alhali kwana tara ke nan da binne ta, labarin bai riga ya zo ba. Yau dillalin tumatir yana jin farashin Kano kafin mota ta taso, kuma ba ya ɗaure kuɗi a ƙugu ya bi hanyar dare. Duk wanda ya ce mu mayar da wannan a ba mu ƙaton ƙarfe, ciniki ne na asara.

Sannan a tambaya: ƙaton na wane ne? A hoto yaro ne ke tuƙa shi, amma abin da ya kai tan 70 yana shan dizal kamar jirgin ruwa ba na yaro ba ne, na gwamnati ne ko na attajirin da ya kai gwamnati. Kalmar "robot" da Turawa ke kiran mutum-mutumi da ita ma daga wani wasan kwaikwayo na ƙasar Cek ta fito a 1920, kuma asalinta aikin dole ne da talaka ke yi wa mai ƙasa. Kakanninmu sun san wannan da sunan ɗiban gwamna, lokacin da aka riƙa kwasar mutane zuwa haƙar kuza a Jos a Yaƙin Duniya na Biyu. Duk babban inji akwai waɗanda suka haƙo ƙarfensa, akwai kuma waɗanda ya karɓe wa aiki. Ƙaton da ya saɓo kwantena kamar ɗan dako, 'yan dako nawa ya tura gida? Babur ɗin acaɓa da keken ɗinki da wayar dubu goma sha biyar su ne injinan da talaka ya taɓa mallaka da sunansa. Mu kuma mutane ne da aka sha yaudara da girma: mafi girma a Afirka, na farko a Afirka, a yanke kyalle, a tafi.

Baffa yana yawan tsokanar yaron cewa su ba masu gyara ba ne, masu canji ne: gilashi ya fashe a canja, batir ya kumbura a canja, allon ciki ya ƙone a ce sayi wata. Shi a zamaninsa da zanen rediyo a gabansa yake bin waya ɗaya-ɗaya har ya kamo wadda ta mutu, ya ɗiga mata dalma. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba, don na ga yaran Ikeja suna leƙa madubin ƙara girma suna ɗaga abin da bai kai ƙwayar gero ba su mayar da wani. Hannun bai mutu ba, kayan ne ake ƙerawa don kada hannu ya shiga. Ina jin shi ya sa wanda ke wuni yana fama da gam da notin da ba a sayar da sukundirebansa, in ya samu sarari, yake zana inji mai noti kamar kan mutum.

Bayan mako uku ya dawo da hoton. Ƙaton yana nan, amma ya fitar da shi daga ruwa ya tsayar da shi a kan dogo, ya faɗaɗa masa tafin ƙafa. Ya yi masa ƙofa a ƙwauri da tsani. A ƙarƙashin gadar ya ƙara rumfar bakanike, baƙin mai ya malale a ƙasa, wani yaro na miƙa sifana. Can baya kuma ga wani ƙaton a kwance ya yi tsatsa, 'yan gwangwan uku sun hau kansa suna yanke hannun da wutar walda, kurarsu na jira a gefe. Ya ce mini, "Kawu, ka ga na sa mutanenka."

Baffa ya karɓa ya kai hanci. Ya sa yatsa a kan gwiwar ƙaton, hoton ya zame, yaron ya dawo masa da shi. Ya ce, "Wannan notin, sifana lamba nawa ke kwance shi?" Yaron ya yi jim, ya ce, "Sha bakwai." Baffa ya miƙa masa wayar ya ce, "Sha bakwai ko tayar molue ba ta kwancewa. Koma ka sake."